Mita 400 a Ƙasar Daura

Cikin 'yan shekarun nan Daura ta zama garin manyan makarantu. Ga kwalejin da ke ɗauke da sunan Yusufu Bala Usman, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disamba na 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Idan hira ta biyo ta kan irin waɗannan makarantu a majalisarmu, abin da ake lissafawa sananne ne: ofishin shugaba, ɗakunan lacca, ɗakin karatu, masaukin ɗalibai, masallaci, sai katanga da ƙofa mai kyan gani. Ban taɓa jin wanda ya tambayi inda za a yi gudu ba. Filin wasa a tunaninmu shi ne abin da ya rage bayan an gama yanka ƙasa, wato fegin da maginin bai iso ba tukuna.

Ni kuwa abin yana damuna, domin na yi gudu a makaranta, tun daga firamare har na gama sakandare, kuma har yau ban san ko ina da gudu ba. Na san na sha tsere wa yaran ajinmu. Amma a daƙiƙa nawa? A kan mita nawa? Babu mai iya gaya mini, har malamin da ya hura usur.

Dalilin yana cikin yadda ake shata filin. Ana gobe gasar gidaje, wadda muke kira intahaus, sai malamin wasanni ya tara mu da yamma. A kafa turke, a ɗaura igiya, wani ya ja ta yana zagayawa, mu kuma muna bin sawunsa da toka a kwano, in makaranta ta samu hali a sa farar ƙasa. Kafin wannan an kwashe kwana biyu ana tsince tsidau da ƙarangiya, saboda yawancinmu ba takalmi za mu yi gudun ba. Filin yakan fito da kyau a ido. Sai dai tsawonsa ya danganta da tsawon igiyar da aka aro a wannan shekarar, da kuma inda bishiyar darbejiya ta tsaya ta hana wucewa.

Hanyar gudu ta ƙa'ida kuwa aba ce da aka yi wa awo har na santimita. Tana da miƙe biyu, kowane mita 84.39, da kwana biyu, kowace rabin da'ira ce da aka zana da igiya mai tsawon mita 36.5. Ba a kan bakin dakalin ciki ake auna ta ba, ana matsawa santimita 30 ne, daidai inda ƙafar mai gudu take sauka, a nan ne lissafin yake cika mita 400 cif. Layuka takwas ne, faɗin kowane mita 1.22. Tunda na waje ya fi na ciki nisan zagaye, dole a ba shi rata tun daga farawa: a tseren mita 400, mai layi na biyu yana tsayawa kimanin mita 7 gaba da na farko, mai layi na takwas kuwa kimanin mita 53. Na tuna wani yaro da aka sa a layin waje a filinmu na toka, aka jera mu kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla. Ya ce, "Malam, ai nawa ya fi nisa." Malam ya ce, "Kai dai yi gudunka, in kana da ƙafa ai za ka iso." Yaron ne da gaskiya, kuma ya zo na huɗu.

A tsakiyar wannan zagaye ne filin ƙwallon ƙafa yake zama, mita 105 a tsaye, 68 a kwance, kamar an auna shi don wurin. Sauran sararin da ya rage a kwanonin biyu da gefen miƙe shi ake ba masu dogon tsalle da ramin yashinsu, da masu jifan mashi da dalma. Wannan shi ya sa makarantu a ko'ina cikin duniya suke haɗa wasannin biyu wuri ɗaya: fili guda, katanga guda, mai gadi guda.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk ƙaƙale ne, gudu ai gudu ne. To, amma gudu yana cikin 'yan abubuwan da ɗan talaka zai iya nuna wa duniya ba tare da ya san kowa ba. Ɗan ƙwallo yana bukatar wanda zai gan shi, ya yaba, ya kai shi gaba, kuma mun san yadda wannan hanya take da 'yan kamasho. Mai gudu lamba kawai yake bukata. Idan aka ce yarinya ta yi mita 100 a daƙiƙa kaza, a kan hanyar da aka tabbatar da awonta, da agogon lantarki, to kocin da ke Legas ko Teksas ya fahimci maganar ba sai da tafinta ba. Agogon hannu ba ya wadatarwa, domin ɗan yatsan mutum yana makara wajen dannawa, har masana suka saba ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa a kan lokacin da aka ɗauka da hannu a gajeren tsere. Iska ma ana auna ta: in ta turo mai gudu daga baya da ƙarfin da ya wuce mita 2 a daƙiƙa, ba a rubuta lokacin a matsayin bajinta. Saboda haka yaron da ya fi kowa gudu a Baure ko Zango ko Mai'aduwa, in babu wurin da za a auna shi, gudunsa ya tsaya a labarin da abokansa za su riƙa bayarwa a bakin kasuwa.

Zancen iskar nan ya faru a kan 'yar Nijeriya. Ranar 24 ga Yuli, 2022, Tobi Amusan ta yi tseren tsallake shinge na mita 100 a daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe na gasar duniya, ta kafa tarihin da ba a taɓa yi ba. Bayan kamar awa biyu ta yi 12.06 a zagayen ƙarshe, ta ɗauki zinariya, amma ba a karɓi wannan lokacin ba saboda iskar ta wuce ƙa'ida. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wurin da aka yi gasar. Filin Hayward na Jami'ar Oregon ne, a garin Eugene na Amurka. An buɗe shi a 1919 don ƙwallon Amurkawa, aka zagaye shi da hanyar gudu ta garin gawayi a 1921, aka yi ta gyara shi kaɗan-kaɗan kusan shekara ɗari kafin a rushe a sake gini a 2018. A wannan filin ne koci Bill Bowerman ya horar da wani ɗalibi mai suna Phil Knight, su biyun suka kafa kamfanin da ya zama Nike. Ita kanta Tobi, 'yar Ijebu-Ode, ta hanyar gurbin karatu a Jami'ar Teksas da ke El Paso ta fita duniya.

Haka kuma a filin Jami'ar Oxford ne, a Ingila, wani ɗalibin likitanci, Roger Bannister, ya fara yin mil guda cikin ƙasa da minti huɗu, ranar 6 ga Mayu, 1954. A kan garin gawayi ya yi, domin shimfiɗar robar nan da muke kira tatan ba ta shiga gasar Olamfik ba sai a Meziko a 1968. Sunan ma na haja ne, Tartan, na kamfanin 3M, ya bi bakin mutane kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu. Na kawo wannan ne don a ga cewa awo ya riga roba zuwa, kuma ya fi ta muhimmanci. Hanyar jar ƙasa da aka daddaɓe, aka auna daidai, aka yi mata dakali, ta fi jar roba mai sheƙi da ɗan kwangila ya shimfiɗa da ka.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sha'ani, ko da yake mun fi son mu manta. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ta ɗauki wasa a matsayin wani ɓangare na karatu. A can aka koya wa samarin Arewa kurket da wasan Fives, wanda ake buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, kuma Sardauna Ahmadu Bello, ɗalibin makarantar, bai rabu da Fives ba har ya zama Firimiya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓi ƙwallon dawaki hannu biyu, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinta har wajen ƙasar nan. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana cikin jami'o'i biyar da suka fara gasar NUGA a Ibadan a 1966. Al'adar nan ta barin yammacin Laraba babu lacca don ɗalibai su fita fili, wadda jami'o'i da yawa suka gada, daga wancan tunani ta samo asali. Yau a wurare da dama yammacin Laraba shi ne lokacin da malami yake cusa laccar da ya kasa yi ranar Litinin.

Kafin Turawa ma muna da namu. Langa gudu ce da ƙafa ɗaya, kuma duk wanda ya yi ta a dandali da farin wata ya san abin da take yi wa cinya da numfashi. Ga kokawa da dambe bayan an kawar da amfanin gona, ga sukuwar dawaki da har yanzu take cika gari a Sallar Gani. Maƙwabtanmu na tsallaken Kongwalam sun fi mu riƙon wannan gado. Tun 1975 Nijar take shirya gasar kokawa ta ƙasa, ana zagayawa da ita jiha-jiha, an gina mata filaye na musamman a Maradi da Damagaram da sauran manyan garuruwa, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Sun ɗauki wasan ƙauye sun yi masa gida da doka da alƙali. Ba na jin akwai abin da zai hana filin jami'a a Daura ya keɓe da'irar yashi a gefe guda don wannan, ko don ɗaliban da za su zo daga Kudu su ga abin da ake yi a ƙasar da suka zo karatu.

Idan ana maganar babban fili a jiharmu, Karkanda ake nufi. An fara gina shi a farkon shekarun 1990, zamanin gwamnan soja John Madaki, jihar tana jaririya, ba ta fi 'yan shekaru da ballewa daga Kaduna a 1987 ba. Sai aikin ya tsaya. Waɗanda suka taso a Katsina a wancan lokaci sun girma suna ganin kangon, har ya zama alamar kwatance. Gwamna Ibrahim Shehu Shema ne ya farfaɗo da shi, aka kammala a 2013, sannan a 2016 aka sauya masa suna zuwa Filin Wasa na Muhammadu Dikko. Ana ƙiyasta yana ɗaukar mutum 35,000, kuma nan ne gidan Katsina United. Fili ne na alfahari, ranar da Kano Pillars ta zo kuwa sai wanda ya gani. Amma a lissafa: fiye da shekara ashirin tsakanin farawa da gamawa. Yaron da aka haifa ranar da aka kafa harsashin ya wuce shekarun da ake gano mai gudu kafin a buɗe ƙofar. Kuma abin da yake cinye kuɗi da lokaci a irin wannan gini shi ne wurin zaman 'yan kallo, siminti da ƙarfe da rufi, ba wurin da ake wasan ba. Daga Daura zuwa can kimanin kilomita 80 ne. Ɗalibi ba zai yi wannan tafiya kullum da asuba don atisaye ba.

Don haka in da za a tambaye ni, jami'a ta fara daga ƙasa ta bar sama. Ba ta bukatar kujera dubu talatin. Rumfa guda a gefen yamma, yadda 'yan kallo za su ba rana baya da la'asar, ta isa shekara goma na farko. Tsawon filin ya kalli arewa da kudu, don kada mai tsaron raga ya wuni yana kallon ƙwayar rana. Ta gefen arewa maso gabas, inda hunturu yake fitowa da ƙurarsa, a dasa darbejiya sahu biyu ko uku tun yanzu, nesa kaɗan don kada saiwa ta ɗaga shimfiɗa. Bishiyar za ta rage yashin da ke zuwa ya kwanta a kan hanya, ta kuma karya iskar da za ta iya ɓata lokacin mai gudu. A yi magudanar ruwa, domin ruwan Agusta a ƙasarmu ba ya sallama, sa'a guda ya isa ya mai da fili tafki.

Sai babbar magana, wato ciyawa. Filin mita 105 da 68 murabba'in mita 7,140 ne. A ce a kwanakin bazara rana da iska suna shanye milimita 5 na ruwa daga ƙasa kowace rana, kuma wannan sassauci ne ga wanda ya san Afrilun Daura. Mayar da wannan ruwa yana nufin lita 35,700 kullum. A jarka mai lita 25, jarka 1,428 ke nan, kusan kura 120 ta 'yan ga-ruwa mai jarka goma sha biyu. Kullum. A garin da damina ba ta wuce wata huɗu ba, kuma unguwanni da yawa da kurar suke sha. Duk shugaban makarantar da ya ce zai yi koren fili, a tambaye shi rijiyar burtsatsensa nawa, da me za ta riƙa tashi, wa zai gyara famfon ranar da ya ƙone. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ciyawar roba ita ce amsar da kowa yake rugawa gare ta, kuma tana da amfaninta: ba ta shan ruwa kamar ta gaske, tana jure wasa safe da yamma. Sai dai tana ɗaukar zafi fiye da ciyawa nesa ba kusa ba, ta yadda da tsakar ranar bazara takan gagari taɓawa, kuma tana da wa'adi, bayan kamar shekara goma sai an ɗaye an sake. Wanda bai tanadi kuɗin sakewa ba tun ranar shimfiɗawa zai wayi gari da tsumma. Ni a ganina ba abin kunya ba ne makaranta ta fara da filin ƙasa mai laushi, a baje shi daidai, a riƙa share shi. 'Yan wasan Arewa nawa ne suka kai ga rigar Super Eagles daga irin wannan fili? Garba Lawal da Tijjani Babangida da Ahmed Musa ba a kan kafet suka koyi taɓa ƙwallo ba.

Akwai kuma abin da na lura da shi a filayen da aka haɗa wasannin biyu: ƙwallo tana cinye gudu. Ita ke da 'yan kallo, ita ke da kuɗin ƙofa, ita shugabanni suke zuwa kallo. Sannu a hankali hanyar gudu takan koma wurin ajiye benci da babura. Ranar taron siyasa ko bikin yaye ɗalibai a shigo da motoci a kanta, a kafa rumfuna, a buga ƙusa a cikin robar da aka saya da miliyoyi. Daga ramin ƙusa ɗaya ruwa yake shiga ƙarƙashi, rana ta dafa, shimfiɗar ta kumbura ta ɓare. Maganin wannan ba ya cikin zanen injiniya. Yana wurin mutum guda mai riƙe da mabuɗi, wanda aka ba ikon ya ce wa babban mutum a'a, kuma aka tsaya masa ranar da ya faɗa.

Wa zai shiga filin? Wannan tambayar ta fi ta ciyawa nauyi a wurina. Ina da ƙanwa da ta fi ni gudu muna yara, ko aike aka yi mu tare sai ta dawo ta tarar da ni a hanya. Tana shiga aji biyu na sakandare ta daina. Ba wanda ya hana ta da baki. Kawai dai filin da ake da shi a buɗe yake ta ko'ina, samari zaune a kan katangar makwabta, ita kuma ta kai shekarun da ba za ta so a tsaya ana kallonta ba. Da na tambaye ta bayan shekaru, cewa ta yi, "Yaya, a ina zan yi?" Iyayenmu ba su ƙi lafiyar 'ya'yansu mata ba, sutura da mutunci suke nema, kuma waɗannan abubuwa ne da gini yake iya bayarwa: katanga mai tsawo, ɗakin sauya kaya mai ƙofa da ruwa, sa'o'in da aka keɓe wa mata su kaɗai, da mace mai horarwa. Dokokin wasannin duniya ba su hana gudu da dogon wando da ɗankwali ba. Zinariyar farko da Nijeriya ta samu a Olamfik a wasan mutum ɗaya mace ce ta kawo ta, Chioma Ajunwa, da tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996. Jami'ar da rabin ɗalibanta ba sa iya taka filinta rabin fili ta gina.

Haka nan yaran gari. Masarautar nan ƙananan hukumomi biyar ce, Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure, da makarantun firamare da sakandare masu yawa. In akwai hanya guda mai sahihin awo a tsakiyarsu, aka buɗe ta sau biyu ko uku a shekara don gasar makarantu, aka rubuta sunaye da lokuta a littafi aka adana, cikin shekara biyar za a san abin da ƙasar nan take da shi. Jami'ar ma ta ci riba, domin yaron da ya fara shiga harabarta yana ɗan shekara goma sha biyu da lamba a ƙirji ya daina ganin ta a matsayin wurin 'ya'yan wasu. Ga ma'aikata irinmu kuma, da hawan jini da ciwon suga suka fara yi wa sallama, wurin zagaye bayan sallar asuba ba tare da fargabar ɗan acaɓa ba.

Duk wannan yana tsaye a kan abu guda da ba ya dawowa in ya tafi, wato ƙasa. Hanya mai layi takwas tana cin kimanin mita 177 a tsaye da 93 a kwance, sama da hekta ɗaya da rabi, ban da rumfa da bishiyoyi da wurin ajiye ababen hawa. Filin da na yi gudu a kansa ina yaro yanzu babu shi. An fara da cin kusurwa guda don ƙarin aji biyu, abin da ba mai iya musawa, daga baya aka jera shaguna a gefen titi don makaranta ta samu kuɗin shiga, yau abin da ya rage bai isa a buga ƙwallon mutum biyar-biyar ba. Layin dogon da aka fara a 2021 daga Kano zuwa Maradi ta Daura zai bi, kuma duk wanda ya nemi fuloti a gefen gari kwanan nan ya ji yadda farashi ya koma. Makarantun da suke da sarari a yau suna da shi ne don gari bai iso su ba. Abin da ake bukata a wannan shekarar bai kai kuɗin mota guda ta ofis ba: a kira safiyo ya auna hekta uku, a kafa duwatsu a kusurwa huɗu, a shigar da shi cikin taswirar makaranta da sunansa, majalisar gudanarwa ta sa hannu, sannan a dasa darbejiyar kafin ruwan Yuli ya wuce.